Bakin Ruwa ko Cikin Itatuwa: A Ina Za Ku Kafa Tanti?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ku huɗu ne, za ku yi kwana biyu a wani tafki can cikin kurmi, inda sai an ajiye mota an taka kamar kilomita 8, kuma kanku ya rabu: wasu na son a kafa tanti a bakin ruwa, wasu sun ce a hau tudu a shige cikin itatuwa. Na kwana a duka biyun, kuma ba zan ɓoye maka inda na karkata ba. Ku yini a bakin ruwa, ku kwana a tudu. Amma bari in ba kowanne haƙƙinsa.

Masu son bakin ruwa ba su yi wauta ba. Ruwan girki da na wanke-wanke yana gabanka, kuma wanda ya taɓa hawa gangare da jarka ya san lita ɗaya kilo ɗaya ce, ba ta ragi. Ƙasar wurin galibi a shimfiɗe take, babu saiwoyin da za su soki haƙarƙarinka. Ga fili, ga haske, ga kyan gani da asuba lokacin da hazo ke tashi daga kan ruwa. Da rana, babu wurin da ya kai shi.

Matsalar tana farawa ne bayan faɗuwar rana. Iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, don haka da dare gangarowa take yi daga tuddai ta taru a wuri mafi ƙasa, kuma a duk yankin babu inda ya kai tafkin ƙasa. Ga laimar da ke tashi daga ruwan. Su biyun in suka haɗu, raɓa ce za ta sauko maka kamar an yi yayyafi. Karo na farko da na kwana a irin wannan wuri, na farka na tarar bargona ya yi sanyi ƙalau, rufin tanti na ɗiga ta ciki, takalman da na bari a waje sun jiƙe sharkaf. Abokin tafiyata da ya kafa nasa can sama ƙarƙashin itatuwa, wanda na yi ta yi wa dariya da yamma, ya tashi kayansa a bushe. Dalili kuwa shi ne rassa da ganye suna tare ɗumin da ƙasa ke saki da dare, sai raɓa ta ragu. Kuma jiƙaƙƙen tanti sai ka jira rana ta busar da shi, ko ka naɗe shi da nauyinsa ka goya.

Batun sauro ba a yanke masa hukunci da sauri. Sauro na ƙyanƙyasa a ruwan da ke kwance, musamman gefen tafki mai ciyayi da taɓo, kuma da magariba da asuba ya fi fitina. Sai dai na ga buɗaɗɗen bakin ruwa mai duwatsu inda iska ke kaɗawa, sauronsa bai kai na cikin duhuwar da ke bayansa ba, domin sauro ba ya iya tashi sosai cikin iska. Ke nan in na ce tudu, ba ina nufin ku kutsa cikin sarƙaƙiya ba. Ku nemi wuri mai ɗan tsayi, itatuwansa a warwatse, inda za ka ji iska a fuskarka.

Abin da mutane suka fi mantawa shi ne tafkin nan ba naku ba ne ku kaɗai. Mashayar namun daji ce, kuma da magariba da asubahi suke saukowa. A ƙasashe masu zafi, dorina na fitowa kiwo da dare ta bi turbar da ta saba, kuma babu mummunan wuri irin tsakaninta da ruwa. Kada kuwa a gaɓa yake farauta. Ko dajin babu irin waɗannan, tantinku a bakin ruwa zai hana ƙananan dabbobi sha. In kun ga sawu ko kashi ko wata hanya da ta murje zuwa ruwa, ku kauce mata. Ku kuma duba gaɓar da kyau: inda kuka ga layin busassun ƙirare da ganye, nan ruwa ya taɓa kaiwa. Ruwan sama da aka yi a wani tsauni mai nisa yana iya ɗaga tafki cikin dare alhali ku ko ɗigo ba ku gani ba.

Akwai ma'aunin da ya kamata ku riƙe. Ƙungiyar Leave No Trace ta Amurka, mai koyar da yadda ake shiga daji ba tare da an ɓata shi ba, ta ba da shawarar a kafa tanti aƙalla ƙafa 200 daga ruwa, wato kimanin mita 60, ko taku 70 na babban mutum. Haka ma wurin ba-haya da wurin wanka da sabulu, kuma ramin ba-hayar ya kai zurfin santimita 15 zuwa 20 a rufe shi. A wasu gandun daji wannan doka ce, ba shawara ba, don haka ku tambayi masu kula da wurin. Taku 70 ba tafiya ba ce. Shi ya sa hujjar nan ta wahalar ɗiban ruwa ba ta cika burge ni ba.

To, tudun ma yana da nasa aibin. Babba a ciki shi ne mataccen itace. Kafin ka buga turke ɗaya, ɗaga kai ka duba sama. Busasshen reshe da ke rataye, ko itacen da ya mutu a tsaye, iska kaɗan ce za ta sauko da shi, kuma tanti ba ya tare komai. Sai gangara, wadda ba ka ganinta da ido sai ka kwanta ka ji kana zamewa. Sai gidan tururuwa da kwarkwasa. Wuta ma ta fi haɗari a cikin busassun ganye, gara ku yi girki da ɗan risho a kan dutse ko ƙasa tsura. Kada kuma ku zarce har ƙololuwar tsauni, ko ku raɓu da itacen da ya fi kowanne tsawo, saboda tsawa. Tsakiyar gangare ake nema. Ku ɗaura ƙyalle mai haske a hanyar da ke sauka ruwa, don duhun kurmi yana sa mutum ya ɓata a tazarar da bai zata ba.

Yanzu ga ainihin abin da ya sa na fi son tudu, wato iyo. Tanti a bakin ruwa yana jan mutum ya faɗa ciki a lokacin da bai dace ba: da isowa, jiki a gajiye ana zufa, ko da dare ana hira wani ya ce mu ɗan watsa. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma tafkin daji ba kududdufin wanka ba ne. Tafki mai zurfi hawa-hawa yake. Rana na ɗumama saman, amma ƙasa kaɗan sai ƙafarka ta shiga wani sanyi na daban, kuma a ƙasashe masu hunturu can ƙasan yakan tsaya a kusan digiri 4 ko da bazara. Ruwan da ya gaza digiri 15 yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da niyya ba, in kuwa kansa na cikin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da ke faruwa a ruwa mai tsananin sanyi da lissafin 1-10-1: minti ɗaya ka daidaita numfashi, kimanin minti goma kafin hannu da ƙafa su daina yi maka aiki, kimanin awa ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Minti goman nan ne ke cin gwanaye. Ku shiga a hankali da ƙafa, ban da alkafura inda ba ku san zurfinsa ba, ku yi iyo a tsawon gaɓa maimakon nufar tsakiya, kuma kullum mutum ɗaya ya tsaya a waje yana kallo. Wanda bai ƙware ba ya sa rigar ceto, babu abin kunya.

In tafkin a ƙasa mai zafi yake, abin tsoron ya canza. Tsargiya ce, wadda ƙwayarta ke fitowa daga ƙananan katantanwar ruwa ta ratsa fata ba tare da ka sha ko ɗigo ba. Ruwa ya yi garau ba shaida ba ce. Ku tambayi ma'aikatan lafiya na yankin, in ana samunta ku haƙura da iyon. Ruwan da kuka ga ya yi kore kamar an zuba fenti ma ku nisance shi, don tafasawa ba ta kashe gubar irin wannan gansakuka. Sauran ruwan sha kuwa a tace, a bar shi ya tafasa sosai na minti ɗaya, ko minti uku in wurin ya haura mita 2,000 a tsayi. Da kun ji rugugin tsawa kowa ya fito, kada a koma sai an yi minti 30 ba a sake ji ba.

Duk wannan zaɓen wuri sai da hasken rana yake yiwuwa. Akwai tsohon lissafin wani mai hawan tsauni ɗan Sukotland, William Naismith, na shekarar 1892: awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Kilomita 8 ɗinku, in da hawan mita 300, ya ɗan haura awa biyu, kuma wannan na mai ƙarfi ne da bai tsaya hutu ba. Ku da kaya a baya, cikin kurmi, ku ƙiyasta uku zuwa huɗu, ku tashi yadda za ku isa da sauran awa biyu kafin magariba.

Wuri ɗaya zan yarda ku kwana kusa da ruwa: in hukumar gandun ta keɓe wurin zango a can, a kan dutse ko tsakuwa da ya ɗaga sama da layin ambaliya. Irin wannan an riga an tattake shi, kwana a kansa ya fi a je a share sabon wuri. In babu shi, ku ajiye kaya, mutum biyu su ƙirga taku 70 zuwa sama su zagaya, su dawo su faɗi inda suka samu.