Shawarar jarirai: abin da na gani a Manchesta, da abin da nake so ku yi wa Auta

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ki gaishe min da Inna, ki ce mata jikanta ya warware sarai, yana tsotso kamar zai cinye ni, ta daina kukan da aka ce tana yi tun ranar da ta ga hotonsa a ƙarƙashin shuɗiyar fitila an rufe masa ido. Na san ban yi muku bayanin kirki a waya ba, lokacin hankalina ba ya jikina. Jiya muka yi arba'in, na ɗan samu sarari, shi ne na ce bari in rubuto a tsanake, musamman da yake cikin Auta ya shiga wata bakwai.

Washegarin haihuwa suka sallame mu. Ban yi mamaki ba, mu ma a gida haka ake yi, wani lokacin ma sa'o'i kaɗan. Abin da ban saba gani ba shi ne, kashegari da hantsi sai ga ungozomar asibiti a ƙofar gida da jakarta, ba wanda ya kira ta. Haka tsarinsu yake, asibiti ne ke biyo mai jego har ɗaki. Ta duba ni, ta tuɓe yaron tsirara ta kai shi bakin taga, ta dube shi, ta ce lafiya lau. A kwana na uku wata daban ta zo. Ita wannan ba ta tsaya ga fata ba. Ta buɗe idonsa ta duba farin, ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi, ta danna karan hancinsa da yatsa ta saki. Sannan ta ciro wata 'yar na'ura kamar tocila ta ɗora masa a ƙirji, lamba ta fito. Ina ganin yadda fuskarta ta canza, gabana ya faɗi. Ta ɗauki waya ta kira asibiti, ta ce mu shirya yanzu, ba sai anjima ba.

Ni kuwa, Yaya, wallahi ban ga komai ba. Yaro ne mai yawan barci, ina ta murna Allah ya ba ni mai haƙuri. Ashe barcin nan da ƙin tashi shan nono suna cikin alamomin.

Ga yadda likitar ta yi min bayani, zan faɗa miki da Hausarmu. Jariri yana zuwa duniya da jajayen ƙwayoyin jini masu yawa, kuma nasa ba sa daɗewa kamar na babba. Idan suka mutu, sai su bar wani rawayan abu da ake kira bilirubin. Hanta ce ke tace shi ta tura shi ya fita ta kashi, ita kuwa hantar jariri ba ta gama ƙwari ba. Shi ne yake taruwa ya rina ido da fata. Ta ce a cikin jarirai 10 da suka cika watanninsu, kamar 6 suna yin shawara a makon farko, bakwaini kuwa kamar 8 cikin 10. Yawancinta kan bayyana a kwana na biyu ko na uku, ta wuce da kanta kafin mako biyu. Don haka idan Gwaggo ta ce duk 'ya'yanta sun yi kuma ba abin da ya same su, ba ƙarya ta yi ba. Matsalar ita ce ido ba ya bambance wadda za ta wuce da wadda za ta hau kai. Idan abin ya yi yawa a jini yana ƙetarawa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ya yi a can ba ta gyaruwa: kurumta, sandarewar gaɓoɓi, yaro ya kasa zama ko riƙe wuya, wani ma ya rasu.

Tana cikin magana na tuna ɗan maƙwabciyarmu ta tsohon gida, wanda aka ce iska ce ta shafe shi daren suna. Kin tuna yadda ya dinga banƙarewa yana wani siririn kuka mai tsini? Ni ba likita ba ce, ba zan rantse ba, amma duk alamomin da matar nan ta lissafa sai da na gan su a fuskar yaron nan. Shekara nawa uwarsa tana yawon gidan masu magani.

Suna da wata takarda mai layuka, ana duba sa'o'in yaro a duniya a gefe ɗaya, lambar jininsa a ɗaya gefen. Ga wanda ya cika wata tara, a sa'a 72 layin sawa a ƙarƙashin fitila yana kan 300, namu ya haura shi. Nan take aka tuɓe shi daga shi sai famfas, aka rufe idon, aka kunna fitilar. Hasken ba ƙona komai yake ba, yana sauya bilirubin ɗin da ke fata ne zuwa yanayin da jiki zai iya fitar da shi ta fitsari da kashi ba tare da jiran hanta ba. Bayan 'yan sa'o'i suka sake ɗibar jini a dunduniyarsa, suka ci gaba da ɗiba har lambar ta sauko ƙasa da layin sosai. Da suka kashe fitilar ma ba su ƙyale mu ba sai da suka sake aunawa, wai takan sake hawa. Kwana biyu muka yi. Da ta ƙi sauka, abin da ya rage shi ne sauya masa jini kaɗan-kaɗan ta cibiya, Allah bai kai mu nan ba.

Kada ki ɗauka komai a nan zuma ne. Mun yi zaman jira a asibitin nan har na fara hawaye, ma'aikata kaɗan, jarirai da yawa, kowa na gudu. Sannan ungozomar farko da ta ce lafiya lau, ina da yaƙinin fatarsa ce ta ruɗe ta. Su kansu sun yarda shawara tana da wuyar gani a baƙar fata, shi ya sa ƙa'idarsu ta ce kada a dogara da ido, a auna. Kuma batun magani kyauta da kuke ji, ba kyauta ba ce zalla. Kafin a ba mu biza sai da muka biya kuɗin lafiya, fam 776 kowane mutum a kowace shekara, na duk shekarun karatun Baban yaro a dunƙule. Ranar biyan sai da muka ji a jikinmu. Amma daren da muka shiga da yaro ba wanda ya ce mu yanki kati, ba wanda ya miƙo takardar gwaji ya ce a je a biya tukuna, ba wanda ya ce a nemo mai ba da jini. Wuta ba ta ɗauke ko sau ɗaya ba. Na kwanta ina kallon fitilar nan ina tunanin gida, inda za a samu na'urar amma ƙwayayenta sun tsufa sun daina aiki ba wanda ya auna ƙarfinsu, ko a jera jarirai uku a ƙarƙashin guda, ko wuta ta tafi a tsaya jiran man janareta.

A gefen mai jego kuwa, gida ya fi nan nesa ba kusa ba. Bayan naƙudar kwana guda abin da aka kawo min shayi ne da gasasshen burodi yanka biyu. Ba kunun kanwa, ba farfesu, ba wankan jego, ba mai karɓar yaro ki runtsa. Baban yaro ya yi iya ƙoƙarinsa, amma miyar kukar da ya yi, a bar kaza cikin gashinta.

Yanzu ga abin da ya sa na matsu in rubuto. Da suka ga shawarar ta hau da sauri, kuma namiji ne, kuma daga Afirka ta Yamma muke, sai suka yi masa wani gwaji da ba kowane jariri suke yi wa ba. Aka gano yana da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD. Mai wannan yanayi lafiyarsa ƙalau, sai dai idan ya haɗu da wasu abubuwa jajayen ƙwayoyin jininsa su dinga fashewa. Ya yi yawa a ƙasashen da ake fama da zazzaɓin cizon sauro, Najeriya na ciki, kuma ɗa namiji daga uwarsa yake gado. Wato daga wurina. Ni kuma ko daga Baba ko daga Inna. Idan daga Baba ne, dukkanmu mata muna ɗauke da shi, idan daga Inna ne, kowacce tana iya ɗauka ko ta tsira. Ko ta yaya, maganar ta shafi Auta.

Wata nas ce, 'yar Ghana, ta ɗauki rigar da na zo masa da ita ta sansana, ta dube ni ta ce, kafur? Kayan jariran da Inna ta aiko ne, ta jera su a jaka ta watsa ƙwayoyin kafur don kada asu ya ci, kamar yadda ta yi wa kayan aurenmu. Ni har daɗin ƙamshin nake ji, yana tuna min ɗakinta. Ashe wannan farin kafur ɗin na cikin manyan abubuwan da ke fasa jinin irin waɗannan yara, ko ta shaƙa ko ta fata. A nan ba za ki same shi a kanti ba, an hana sayar da shi a Turai tun 2008. Mu kuwa kowane mai tireda yana da shi, a akwati, a banɗaki, har ƙarƙashin gadon mai jego. Ba zan ce shi kaɗai ya jawo ba, likitar ma ba ta ce haka ba. Kuma don Allah kada ki faɗa wa Inna ta yadda za ta ga laifinta. Sauran abin da suka hana mu: man zafi da hoda mai sanyin nan da ake barbaɗa wa cibiya, sa wa yaro lalle a jiki, da wasu magunguna irin su Septrin, sai likita ya san yanayinsa.

Da na gaya wa Inna a waya shawara ce, kin san abin da ta ce: ki shanya shi a rana da hantsi. Dariya ta kusa kama ni a cikin kuka, wace ranar a Manchesta cikin hunturu? Amma maganarta tana da tushe. Maganin fitilar ma daga rana aka gano shi, a wani asibiti a Rochford cikin Ingila a 1956, inda wata nas mai suna Jean Ward ta lura jariran da take fitarwa rana suna washewa, ban da wurin da zane ya rufe. Sai dai tsirarar rana tana ƙona fatar jariri, ta zafafa jikinsa, ta busar da ruwansa, kuma mintocin hantsi ba sa isa ga shawara mai ƙarfi. Mafi muni, tana sa a zauna gida ana jira. A Legas an gwada sa jarirai a ƙarƙashin rumfa mai wata leda ta musamman da ke tace hasken rana, aka buga sakamakon a 2015, ya yi aiki, amma a asibiti aka yi, ana auna zafin jikinsu kowane lokaci. Akwai kuma wata mata a Yenagoa, Virtue Oboro, da ta ƙera gadon shuɗiyar fitila mai aiki da hasken sola bayan ɗanta ya sha da ƙyar. Ke nan ba sai an zo Turai ba.

Na yi ta juya abin a raina, sai na ga fitilar ba ita ce babban bambancin ba, don akwai ta a asibitin Malam Aminu Kano da sauran manyan asibitoci. Bambancin shi ne a nan wani yana zuwa ya duba yaro a kwana na biyu, na uku, na biyar. Mu kuwa waɗannan ranakun ne daidai muke ƙunshe jariri a ɗaki mai duhu, labule a sake, hula da safa da shawul, kowa ya shagala da shirin suna. Sai ranar bakwai wanzami ya fito da shi haske a ce, af, idonsa ya yi rawaya. Sannan a fara ruwan gulukos, a ɗiga Ampiclox, a jiƙa dauri. Ba ɗaya daga cikinsu da ke sauke shawara. Ruwan gulukos ma cika masa ciki yake ya rage tsotso, alhali nonon ne ke sa shi kashi abin ya fita. Dakashin farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne ya fi buƙata. A ba shi nono sau 8 zuwa 12 a yini da dare, idan ya yi nauyin barci a tashe shi.

To Yaya, ke ce ungozomar da za ta dinga zuwa wa Auta, tunda ba wadda gwamnati za ta aiko. Tun yanzu ta tambayi rukunin jininta a wurin awo. Idan aka ce mata nagetif ce, akwai allurar anti-D, mai hana jinin uwa yaƙar jinin jariri ya jawo shawara, da ake yi wajen mako 28 na ciki da kuma cikin sa'o'i 72 bayan haihuwa, a nan suna yi ba a tambaya, a gida sai an saya kuma da tsada, gara mijinta ya fara tanadi. Idan O ce, shi ma a sa ido. Bayan ta sauka, kowace safiya ki fito da yaron bakin ƙofa inda haske yake, ki duba farin idonsa da dasashinsa, ki danna hancinsa ko goshinsa ki ga launin da ke ƙasa. Idan kin ga rawaya, a je a auna jini a ranar, ki ce a faɗa miki lambar, kada ki yarda da a dube shi kawai a ce a koma gida. Idan rawayar ta fito a cikin kwana na farko, ko ta kai tafin hannu da tafin ƙafa, ko ya ƙi nono, ko ya fara banƙarewa, ko da tsakar dare ne a tafi. Idan kuma ta wuce mako biyu, ki duba kunzugunsa: kashi fari kamar alli da fitsari mai duhu alamar toshewar hanyar ɗaci ce daga hanta, aiki ake yi, kuma ba ya son jinkiri. Idan namiji ne ku gaya wa likita ɗan 'yar'uwarta yana da ƙarancin G6PD.

Ki je gidan Auta da kanki ki buɗe akwatin kayan jaririn, ki bi ƙasan gado da bayan ƙofa, duk kafur ɗin da kika gani ki kwashe. Kayan da ya riga ya kama ƙamshin a ajiye su gefe, ƙamshin ba ya fita da wanki ɗaya. Zan turo kuɗi ƙarshen wata a saya wasu.

Wani abokin karatun Baban yaro zai taso daga Kano bayan sallah. Ki haɗo min kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin jego, ko da ya makara zan ci abina. Kada ki sa kilishi, ba a shigo da nama, a filin jirgi za su ƙwace. Ki shafa min kan yara, ki ce wa Inna ranar Juma'a bayan la'asar zan kira ta ta bidiyo ta ga idon mutumin nata fari tas.

Ƙanwarki.