Injin yankan katako ya buga: fistin za a canja ko sabon bulok za a saya?

Kafin ka miƙa wa mai kayan gyara ko sisi, sa bakanike ya kwance salansa ku leƙa ta ramin. Idan fistin ya karce kamar an ja masa ƙusa, inji ya buga, kuma zaɓi uku ne a gabanka: a canja fistin a riƙe tsohon bulok (gidan da fistin ke hawa da sauka a ciki), a sayi cikakken kit ɗan Chaina na bulok da fistin, ko a sayi injin Beljiyam, wato na hannu. Ina magana ne kan Stihl 070, mai fistin milimita 58.

Ni dai ina bayan a riƙe tsohon bulok na asali. Cikinsa an yi masa shafe mai tauri, kuma sau da yawa abin da kake gani kamar karce ba ramin gaske ba ne, alminiyon fistin ne ya narke ya manne a bango. Bakanike mai haƙuri zai goge shi da samfefa mai laushi, sannan ya bi da farce. Farce bai maƙale ba, bulok na da sauran rai. Sai a sa fistin mai kyau, na Stihl ko Meteor na Italiya, da sabon ringi, da boris na fin ɗin fistin, da sababbin ƴan ƙulle biyu masu riƙe fin ɗin. Kibiyar da ke kan fistin ta kalli salansa. Irin wannan inji zai koma cin ƙirya da maɗaci kamar da.

Cikakken kit ɗan Chaina yana da arha, yana tashi, amma shafen cikinsa kan ɓare. Injin Beljiyam kuwa ciwon wani za ka saya.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne oyil-sil na kiransha, wato robar da ke toshe gefen kiransha don kada iska ta shiga. Idan yana shan iska, mai ya yi ƙaranci, inji ya yi zafi, sabon fistin ma ya narke. Bakaniken da bai gwada sil ba kafin ya rufe inji, ɗauki kayanka ka yi gaba.

Sai jabu, wanda ya cika kasuwa. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da fistin cikin kwali mai ruwan lemo, da suna da lamba, har da rantsuwa. Da aka buɗe, ringi na rawa a gurbinsa, gefen ƙarfen kuma duk kaushi. Kwali ba shaida ba ne, bugawa ake yi. Tafi da tsohon fistin, a ɗora su gefe da gefe, a auna, a duba rubutun da aka zuba a jikin ƙarfen. Idan farashin "orijina" ya yi kusa da na Chaina, to Chaina ne. Fulogi mai sunan NGK ma akwai na bogi, haka man 2T, wato wanda ake gaurayawa da fetur, da ake ɗurawa a tsofaffin robobi. Shi kansa injin 070 akwai kwafinsa, da fenti iri ɗaya.

Bayan gyara, kada a zuba baƙin man mota a fetur. Da man Stihl, mililita 100 ne cikin lita 5; da wani 2T, ninka shi zuwa 200. Fetur ɗin ƴan bumburutu a tace shi, matatar iska kuma a riƙa kakkaɓe ta kullum lokacin hunturu.