Tafiyarmu Riruwai da masu shirya yawon buɗe ido

Asabar ɗin da ta wuce na bi wasu matasa masu shirya yawon buɗe ido daga nan Kano zuwa magangarar ruwan Zainabi da ke wajen Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, kuma tun da na sa hotuna a Facebook ake ta tambayata ko tafiyar ta ci kuɗinta. Wallahi ta ci.

Matsalarsu ɗaya lokaci. Sun ce ƙarfe 6 na safe za a tashi, ba mu bar gari ba sai wajen 8 saura, kuma hanyar ba kusa ba ce, sai ka bi titin Zariya ka karya ta Kwanar Ɗangora ka wuce Tudun Wada sannan ka ratsa dajin Falgore, ga tsaye-tsaye a shingen jami'an tsaro. Wannan lattin shi ya cinye mana zaman bakin ruwa, la'asar na yi direba ya fara matsa hon don ba ya son dare ya same mu a dajin, kuma da gaskiyarsa.

Amma sun yi dabara da suka ɗauko ɗan gari ya ja mu. Dattijo ne, Baba muke ce masa, yana tafe da sandarsa yana nuna mana kaɗanya da ɗorawa da marke, har da labarin haƙar kuza da aka yi a yankin tun zamanin Turawa. Wani yaro a cikinmu silifas ɗinsa ya tsinke a kan dutse, Baba ya ce "zauna ɗana", ya ɓare ɓawon itace ya ɗaure masa, da shi ya ƙarasa.

Tun ba ka ga ruwan ba za ka ji ƙararsa, kana matsowa iska ta canja, feshi na taɓa maka fuska. Na tsoma ƙafa na yi alwala, sanyin har cikin ƙashi. Ni dai ban taɓa zaton akwai irin wannan a jihar Kano ba.

Abinci shinkafa dafa-duka ce da kaza, ba laifi, ruwan sha ne bai isa ba, ku taho da naku. Ku sa kambas, duwatsun akwai santsi. Kuma in sun tallata tafiyar a bazara kar ku biya, Baba ya ce lokacin ruwan ja baya yake sosai, ku bari sai ƙarshen damina. Ni zan sake binsu in sha Allahu, har na ce su sa sunana da na ƙanena.