GARGAƊI ga masu sayen injin yankan itace a Legas: an yi min musaya, naira 780,000 ta tafi

'Yan'uwana masu sare itace da share fili, na Agege, na Mile 12, na Idi-Araba har Alaba Rago, ku karanta wannan ku tura gaba. An yi min sakiyar da ba ruwa a kan injin yankan itace, naira 780,000. Ga kuma wata 150,000 ta kafin alƙalami a kan injin daɓe ƙasa da har yau ban sa shi a ido ba. Jimla 930,000. Allah ya isa tsakanina da mutumin nan.

Kafin wani ya zo yana ce min "ai da ka duba", na duba. Ni ba baƙon inji ba ne. A wajen masu katako na Oko Baba, can Ebute Metta, na yi yarinta ina ɗaukar wa maigidana galan ɗin mai, kuma Stihl 070, irin injin yankan itacen da na je saya, a hannuna ya girma. Na san nauyinsa, ya haura kilo 10 tun ba a ɗaura masa sarƙa ba. Na san kukansa. Injin da ke da kusan cc 106 ba ya ɓoyuwa, ko daga bayan katanga ka ji shi ka san shi ne. Abin da aka nuna min a shagon nan na gaske ne, wallahi na gaske ne, na hannu amma mai lafiya. Na riƙe igiyar tayarwa na saki injin, ya riƙa sauka a hankali yana tirjewa, alamar fistin da ringi ba su ci ba. Na sa aka kwance salansa na haska fistin da fitilar waya, sumul, ko ƙwarzane babu. Na duba lambar da aka buga a jikin ƙarfen, lambobi tara, ta fara da 1, wato ƙirar Jamus. Har hoto na ɗauka. Muka fita bayan shago na yanka gungume da hannuna, na ɗaga bakinsa kan wani kwali na ga yana feso man sarƙa daidai. To me kuma ya rage mai hankali ya duba?

A Facebook na fara ganin tallar mutumin, amma ban tura ko sisi ba sai da na je da ƙafata, wani lungu a wajejen Mushin. Wannan ma ku lura. Ba irin waɗanda ke tura kuɗi ga hoto ba ne ni.

Abin da ke hana ni barci shi ne la'asar ɗin nan. Mun gama ciniki, daga 850,000 ya sauko 780,000, na yi tiransifa, ya nuna min alat a wayarsa. Sai aka kira salla. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, mu je mu ba da farali, yara su ɗaure maka shi a kwali kafin mu dawo." Da Hausarsa tas. Shi ya miƙo min buta da hannunsa. Sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗarsa na gogar tawa. Bayan sallama ya kama hannuna ya ce, "Allah ya sa a kashe lafiya, Allah ya sanya albarka a sana'a." Na ce amin. Amin na ce, jama'a, a kan kuɗina 780,000 da ake sacewa a daidai lokacin. Muka dawo na tarar da kwali an naɗe shi da salatif ta ko'ina, an ɗaure da igiya, har ya sa yaronsa ya ɗaukar min zuwa bakin titi. Wa zai ce wa mutumin da suka fito masallaci tare ya yaga kwali a sake dubawa? Ku faɗa min tsakani da Allah. "Mu je mu ba da farali." Har yanzu ina jin muryar a kunnena.

Na manta ban faɗa ba, maganar injin daɓe ƙasa tun kafin sallar aka yi ta. Ko kuwa bayan mun dawo ne, a bakin titi? A'a, kafin ne, domin tiransifa biyu na yi a jere, kuma rasit ɗin zai nuna. Na ba shi labarin cewa na samu kwangilar share wani fili a Ibeju-Lekki, hanyar Epe, a sare itatuwa, a tumɓuke kututture, a zuba yashi a daɓe wajen da za a jera intalok. Ya ce ai yana da injin daɓe mai Honda GX160 a ma'ajiyarsa, in ba da 150,000 ya riƙe min, sauran in na karɓi kuɗin aiki. Na ba shi. Bayan na ga 070 na gaske a hannunsa, da wane dalili zan yi zargin na biyu?

A fili aka buɗe kwalin, a gaban yarana da mai gadin wurin. Launi iri ɗaya, ruwan lemo da fari, suna a jiki rangaɗau. Amma ina ɗaga shi na ji gabana ya faɗi. Robar jikinsa ta yi sheƙi da yawa, rubutun sitika ne da ake iya ɓantarewa da farce, inda lambobi tara suke a wancan, nan ƙarfe ne fayau, babu komai. Na daure na tayar, don aiki na jira kuma na riga na karɓi rabin kuɗin mutane. Tanki bai ƙare ba ya fara shaƙewa a cikin itacen kwakwar manja, wanda ba shi da wani taurin kirki, sarƙa ta saki tana lilo, sai ya yi tsit. Igiya ta ƙi jawuwa. Da bakanike ya buɗe a Agege, fistin ya kakkarce kamar gindin tukunyar da aka kankare wa ƙanzo. Ya ɗago kafireta ya juya ta, ya ce, "Oga, wannan jabu ne tun daga sama har ƙasa, ko fulogin ba na kirki ba ne."

Na kira wanda ya sayar min, a lokacin yana ɗauka. Wai ni na kashe injin, wai na zuba masa baƙin man mota. Ni! Man 2T na kamfanin, wanda ake haɗawa da fetur, na saya, na haɗa 1 cikin 50, mililita 100 a lita 5 ta fetur, da gwangwanin awo, ba da ido ba. Ko da ma a ce na yi kuskuren haɗi, haɗin mai ne ke goge lamba daga jikin ƙarfe? Haɗin mai ne ke mayar da rubutu sitika? Na ce masa ina da hoton lambar injin da na gwada. Ya yi shiru, ya ce zai kira ni bayan magariba. Daga nan layi ya daina shiga. Da na koma lungun, shagon a buɗe, amma wani ne a ciki yana sayar da belin janareto, ya ce mutumin aron gaban shago yake yi lokaci-lokaci, bai ma san inda yake kwana ba. Ya yi layar zana da 930,000. Sunan da ke kan asusun da na tura kuɗin ma ba shi ne sunan da ya faɗa min ba, ya ce na ƙaninsa ne, kuma wannan ba baƙon abu ba ne a kasuwa, kowa ya sani.

Yanzu hayar injin wani nake yi kullum don in fita kunyar mai fili, ribar aikin duk ta tafi can. Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na kuma rubuta wa banki. Masu cewa in bar wa Allah, na bar masa, amma sai na tona shi.

Shawara, ga mai so: injin da ka gwada kada ya bar hannunka, ko salla za ka je ka tafi da shi ka ajiye a gabanka. Ka karanta lambar jikin ƙarfe a sa ta a rasit. Kada ka ba da kafin alƙalami a kan abin da ke "ma'ajiya". In sabo kake so, ka nemi dillalin da kamfanin ya amince da shi.

Zan sa hoton lambar injin farko, da na jabun, da rasit ɗin tiransifa biyu, 780,000 da 150,000, da hoton tallar kafin ya goge ta. Akwai kuma muryarsa da ya turo min yana rantsuwa. Duk wanda aka taɓa yi wa irin wannan a wajejen Mushin ya yi min magana ta akwatin saƙo, ina so mu haɗu mu koma wajen 'yan sanda tare.