Sharhi kan hayar kayan zamiya da tafiyar dusar ƙanƙara a dajin Dutsen Hood

Dajin gwamnatin tarayya da ke kewaye da Dutsen Hood a jihar Oregon ta Amurka ba shi da nisa daga birnin Portland, domin tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a kan babbar hanya mai lamba 26 idan hanya ta yi kyau. Dutsen shi ne mafi tsayi a jihar, ya haura mita 3,400, kuma tun shekarar 1924 dajin yake ɗauke da sunansa. A wani shago da ke ƙauyen Government Camp na yi hayar kaya iri biyu a lokacin hunturu, wato allunan zamiya na doguwar tafiya da kuma faffaɗan takalmin da ake taka dusar ƙanƙara da shi, kuma ra'ayina shi ne kowane ɗaya daga cikinsu yana da hanyar da ta dace da shi, wanda duk ya kai shi inda ba wurinsa ba zai sha wahala a banza.

Ma'aikaciyar shagon ce ta fara fahimtar da ni haka, kuma shawararta ta fi mini kayan kansu amfani. Kafin ta miƙo komai sai da ta tambayi nauyina da inda na nufa, domin da nauyin mutum ake zaɓar tsawon allo. Waɗannan alluna sirara ne, ba irin na masu gangarowa daga kan dutse a guje ba. Gaban takalmi kaɗai ake maƙalawa, diddige yana sake, kuma a ƙasan allon akwai zane mai kama da ɓawon kifi wanda ke riƙe dusar ƙanƙara idan mutum ya danna ƙafa zai tura kansa gaba. Shi kuwa faffaɗan takalmin, a kan takalminka ake ɗaura shi, yana da haƙoran ƙarfe a ƙasa, kuma duk mai iya tafiya da ƙafa zai saba da shi cikin ƙanƙanin lokaci.

Na kai faffaɗan takalmin hanyar tafkin Trillium, wadda zagayenta ya kai kimanin kilomita 7 daga wurin ajiye motoci. Tafkin ba na asali ba ne, madatsar ruwa da aka gina a 1960 ce ta samar da shi, amma daga bakinsa ake ganin Dutsen Hood tsaye gaba ɗaya ba tare da wani abu ya tare shi ba, kuma wannan kallo kaɗai ya isa biyan gajiyar tafiyar. Farkon hanyar gangare ne mai tsini, wanda yawan masu bi yake daddaɓe shi har ya yi santsi. A nan na ga darajar haƙoran ƙarfen, domin na sauka cikin natsuwa alhali sababbin masu zamiya da dama suna ta faɗuwa, wasu har sun kwance allunansu sun riƙe a hannu. Ya kamata mutum ya tuna cewa wannan gangaren shi ne zai zama hawa a lokacin komowa, bayan ƙarfi ya riga ya ƙare.

Abin da ya ɓata mini rai a wannan hanya shi ne yadda wasu masu tafiya suke tattake layuka biyun da masu zamiya suka shata, ko da yake ƙa'idar da kowa ya sani ita ce mai faffaɗan takalmi ya bi gefe. Ramin sawu guda yana iya kayar da mai zamiya, musamman idan sanyi ya daskarar da shi cikin dare.

Saboda haka ne na fi jin daɗin allunan a Teacup, wani filin zamiya da ke kan hanya mai lamba 35. Ƙungiyar masu sha'awar wasan ce ke kula da wurin, ana gyara hanyoyinsa da inji, ana biyan kuɗin shiga, kuma ba a yarda a shiga da karnuka ko faffaɗan takalmi ba. Idan ka sa allunan cikin layukan da injin ya tsaga, su ne za su riƙe maka hanya, kai kuma sai ka mai da hankali ga tura ƙafa da dogara sanduna. Aiki ne na jiki duka, hannu da cinya da baya, kuma gumi yana karyowa tun ba a yi nisa ba, shi ya sa tufafin auduga ba su dace ba, domin idan suka jiƙe sanyi suke riƙewa. Gara riguna marasa kauri na ulu ko na roba, a jera su ɗaya kan ɗaya, a riƙa ragewa idan jiki ya ɗau zafi.

Kayan shagon suna da kyau, sai dai takalmin zamiyar da aka fara ba ni yana da danshi a ciki, alamar bai bushe ba tun bayan wanda ya sa shi kafina. Da na yi magana an canza mini ba tare da gardama ba, amma wanda bai duba ba zai tafi da shi haka nan, kuma jiƙaƙƙen takalmi a cikin irin wannan sanyi yana iya yi wa yatsu lahani.

Daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu, doka ce a manna takardar izinin Sno-Park a mota kafin a ajiye ta a waɗannan wurare, kuma ana sayar da ita a shagunan yankin. Haka kuma a riƙe sarƙar da ake ɗaura wa taya don kada mota ta zame a kan ƙanƙara, domin alamun kan hanya sukan wajabta ta. A ranakun Asabar da Lahadi wurin ajiye motoci na Trillium yakan cika tun da hantsi, kuma a watan Disamba rana tana faɗuwa da misalin ƙarfe 4:30 na yamma, don haka mai son ya kammala zagayen kuma ya sallaci Azahar da La'asar a kan lokaci, sai ya bar Portland tun da sassafe.