Burtalin makiyaya a Norwe da namu na Kebbi

Salamu alaikum 'yan uwa na gida. Masu tambaya ta yaya sanyi yaya aiki, lafiya lau alhamdulillahi, aikin kifi ne dai muke ta fama da shi a can ƙuryar arewacin Norwe, yankin da ake kira Finnmark. Wani abu ne na gani a hanya ya tsaya min a rai, na ce sai na ba ku labari ko zan samu sauƙi.

Bas na shiga daga garin Alta za mu Hammerfest, lokacin ƙanƙara ta fara narkewa. Muna tsakiyar wani fili fetal babu itace ko ɗaya sai direba ya taka birki ya kashe mota. Na leƙa na ga motoci sun yi layi gaba da baya har da tirela. Can sai ga garken dabbar nan da 'yan ƙabilar Sami ke kiwo, dangin barewa ce mai ƙaho rassa rassa, sun malalo daga kan tudu kamar ranar su a Argungu in an buga bindiga masunta sun afka ruwa. Makiyayan na kan baburan ƙanƙara, karnuka na zagaye, wata mata da ba ta wuce sa'ar innata ba ta tsaya a tsakiyar kwalta ta ɗaga hannu ɗaya, shi ke nan. Wallahi ban ji hon ko ɗaya ba, babu wanda ya leƙo ya zagi uwar wani, yara ma fitowa da waya suka yi suna ɗaukar hoto, mun daɗe a tsaye sai da ɗan maraƙi na ƙarshe ya tsallake sannan direba ya tada mota kamar ba a yi komai ba.

Dattijon da ke kusa da ni ya ga yadda na saki baki, shi ya yi min bayani. Hanyar da suka bi burtalinsu ce, da bazara su gangara bakin teku da tsibirai, da sanyi su koma cikin ƙasa wajen Kautokeino da Karasjok, kuma dokar kiwo ta 2007 ta hana a toshe irin wannan hanya. Da na koma ɗaki na duba da kaina, taswirar na nan a intanet kyauta, kowa zai iya buɗewa ya ga inda garke ke bi, inda suke haihuwa, inda suke cin rani. Mai son gina gida ko otal sai an duba wannan taswira tukuna. Kowace dabba da tsagar mai ita a kunne kuma tsagar na cikin rajista, in mota ta buge ɗaya dole direba ya kira 'yan sanda, da kunnen ake gane mai ita. In gaggafa ko wani naman daji ya kashe maka dabba aka tabbatar, gwamnati ke biyan diyya. Har 'yan sanda na musamman gare su da ke yawo a dajin kiwo, kuma duk shekara ƙungiyar makiyaya na zama da gwamnati a yi cinikin tallafin da za a ba su a sa hannu.

Ni ɗan manomi ne, na san zafin ka wayi gari ka tarar shanu sun kwana cikin gerona, ba wanda zai koya min wannan. Amma jama'a mu faɗi gaskiya, ina burtalin da muka taso muka gani a bayan gari, wanda shanu ke bi in za su arewa wajen Kangiwa su shiga Nijar da damina? Bana wannan ya ƙara kunya biyu, baɗi wancan ya ƙara uku, mai unguwa ya kau da kai saboda an kai masa buhu, har hanyar da garke ke wucewa a sake ta koma ta akuya ɗaya. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa a Birnin Kebbi a 2015 fadama ta zama zinariya, na yi murna da hakan don gidanmu ma mun ci moriya, sai dai mashayar da Fulani ke sauka da rani duk an kewaye ta da injin ban ruwa, ba wanda ya ce to su kuma ina za su sha. Dokar makiyaya muna da ita tun 1965 a Jihar Arewa, an ware dazuzzukan kiwo sama da 400 a ƙasar, ko rabinsu ba a yi wa takardar doka ba, sauran manya suka yanka gonaki. Su ma Fulanin da nasu laifin, a tura yaro ɗan shekara goma da shanu hamsin cikin dare me ake tsammani. Abin da ya faru a Zamfara daga baya kuwa kun fi ni sani, ba sai na tona ba.

Kada ku ɗauka Turawan nan sun ba makiyayan Sami wannan gatan ne don Allah. An daɗe ana wulaƙanta 'yan Sami, ana dukan yaransu a makaranta in sun yi yarensu, akwai ma doka a 1902 da ta ce ba a sayar wa mutum filin gwamnati a Finnmark sai mai jin yaren Norwe. Abin da ya juya lamarin dam ne, a kogin garin Altan nan da na shiga bas. Gwamnati ta ce za ta datse kogin, mutane suka ƙi, wasu suka yi yajin cin abinci a gaban majalisa a Oslo a 1979, a 1981 aka turo 'yan sanda wajen 600 suka kwashe masu zaman dirshan. An gina dam ɗin duk da haka, amma ƙauyen Masi da aka so nutsarwa tun farko ya tsira, kuma kunyar abin ta sa a 1989 aka buɗe musu majalisarsu a Karasjok, a 1997 Sarki Harald ya tsaya a gabanta ya ba su haƙuri, a 2005 aka yi dokar da ta cire kusan duk ƙasar Finnmark daga hannun gwamnatin tsakiya ta damƙa wa wata hukuma mai mutum shida, uku majalisar Sami ke naɗa su. Da na ji wannan Gungawan Yauri suka faɗo min a rai, mutanen da ke zaune a tsibiransu suna noma suna su tun kaka da kakanni, ruwan Kainji ya ci garuruwansu a 1968 aka tashi mutum sama da 40,000 a yankin. An gina musu gidaje, ban musa ba, amma wa ya taɓa tsayawa ya ba su haƙuri, wa ya ba su kujera a inda ake yanke shawarar ruwan? Mu a wajenmu tun 1978 ƙasa ta gwamna ce, in ya so ya karɓa.

Har yanzu ma 'yan Sami ba su huta ba. A 2021 kotun ƙoli ta ce fankokin wutar lantarki 151 da aka kafa a yankin Fosen na tsakiyar Norwe sun take haƙƙin makiyaya, amma fankokin suka ci gaba da juyawa, sai da matasansu suka je suka toshe ƙofofin ma'aikatu a Oslo a 2023 sannan gwamnati ta nemi afuwa aka sasanta da biyan kuɗi duk shekara da alkawarin ƙarin wurin kiwo. Ga kuma canjin yanayi, ruwa ya sauka a tsakiyar sanyi ya daskare a kan gansakukar da dabbobin ke tonowa su ci, kofato ya kasa fasawa, dole a sayi dusar kanti a riƙa kai musu daji da babur. Jirgin ƙasa ma na kashe musu da yawa.

Naman kuwa yana nan a kanti cikin leda da tambari da kwanan wata, ya fi na sa tsada nesa ba kusa ba, ni dai kallo nake don ba yankan musulmi ba ne. Nan ne abin ke ba ni haushi, ƙasa cike da dabba amma naman halal sai daskararre da aka ɗauko daga nesa, ka dafa ka rasa ɗanɗanonsa. Madara an tace ta an tsabtace har ba ta da ƙanshin komai, ba kindirmo ba man shanu na ƙwarya, ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe, in ka manta ba ka yi cefane ba sai burodi. Wani lokaci cikin duhun nan na Disamba da rana ba ta fitowa gaba ɗaya, ba abin da nake so irin in ji muryar 'yar Fulani a ƙofar gida, inna ta fito da ƙwarya su tsaya suna ciniki suna tsokanar juna, a dama fura da nono mai tsami a sha a zaure. Wanga abu kuɗin Norwe bai sayensa, kuma an ce min yanzu ko a gida ya yi wuya don rugagen da ke bayan garinmu sun tashi.

Yaya, na san kana karantawa. Don Allah in ka je gonar baba ta gabas ka duba turakun burtalin nan ko suna nan, in kunyoyinmu sun shiga ciki a ja da baya kafin shuka, abin da aka rasa na hatsi ni zan cika. Ka kuma yi wa hakimi magana ko za a kira Arɗo a zauna a sake kafa sauran turakun da siminti, kuɗin buhunan farko na turo maka ƙarshen wata in sha Allah.