Har ƙofar gida suke biyo yaro a Ruwanda

Aikin maigidana ne ya kawo mu Ruwanda, muka sauka a wani ƙauye da ke gefen Musanze, can arewa a gindin duwatsu, inda sanyi yake sa ni kewar ranar Katsina. Ba mu daɗe da tarewa ba wata mata ta yi sallama, da jaka a kafaɗa da babban littafi a hannu. Maƙwabciyata ta yi mana tafinta, ta ce ma'aikaciyar lafiyar unguwa ce, irin waɗanda suke kira abajyanama b'ubuzima. Manomiya ce kamar kowa, mutanen ƙauyen ne suka zaɓe ta aka ba ta horo, kuma kowane ƙauye yana da irinta.

Ta ɗaura wa ɗana zaren awon dantse na gane tamowa, ya nuna kore, alamar ba shi da ita. Ta tambayi abin da ya ci jiya tun daga safe har dare, ta rubuta. Sai ta dube ni, a gaban maigida, ta ce, "Maman yaro, yaushe kike son yi masa ƙani? Me kike amfani da shi kafin lokacin?" Kunya ta rufe ni kamar in nutse a ƙasa. Ita kuwa ko a jikinta, ta buɗe jaka ta nuna mini ƙwayoyi, ta ce akwai allurar wata uku, idan kuma ashanar hannu nake so za ta tura ni ƙaramin asibiti.

Na kwana ina jin haushin wannan shisshigi, kuma har yau bai sake ni ba. A nan ba ka da sirri, komai naka yana cikin littafin wani. Abincinsu ma ba yaji ba daddawa, wake da dankali da ayaba kullum, har mafarkin miyar kuka nake yi. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda matar ta haɗa awon yaro da tazarar haihuwa a zama ɗaya. A wurinta magana ɗaya ce: uwar da ta yi kwanika za ta yaye na goye ba shiri, shi ya rame, na cikin ma ya fito ba ƙwari.

Ƙasar nan ba ta da man fetur, kuma a 1994 ta ga bala'in kisan ƙare dangi. Duk da haka yaran da suka tsumbure sun ragu daga kashi 51 cikin ɗari a 2005 zuwa 33 a 2020, matan aure masu amfani da hanyoyin tazara na zamani suka tashi daga kashi 10 zuwa 58. Ana ba gidajen talakawa garin kunun Shisha Kibondo kyauta don masu ciki da masu goyo da yara 'yan ƙasa da shekara 2. Tun 2006 ake raba saniya ga marasa ƙarfi, idan ta haihu a miƙa 'yar maraƙar ga maƙwabci. Gidaje da yawa suna da ɗan lambun ganye a bayan ɗaki. Ba su gama da matsalar ba, domin Musanze ɗin nan, duk da yawan dankalinta, a binciken 2020 tana cikin yankunan da tsumburewar yara ta fi yawa. Cika ciki daban, gina jiki daban, kuma sun san haka.

Mu fa? A binciken 2018, kashi 57 na yaran Arewa maso Yammacin Najeriya sun tsumbure. A watanni 6 na farkon 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jihar Katsina saboda tamowa. Na san 'yan bindiga sun hana noma, na san tsadar hatsi, kuma na san asibitin ƙauyenmu da za ki je ki tarar da kwaɗo a ƙofa. Wannan alhakin hukuma ne, Allah zai tambaye su.

Amma 'yan uwana mata, wa ya sa mu matse dakashi mu zubar, mu ɗura wa jariri ruwa? Wa ya ce ƙwai yana sa yaro sata, har mu kwashe shi mu kai kasuwa mu bar yaro da koko tsura? Gyaɗa tamu ce, waken suya namu, zogale yana tsakar gida. Madarar gyaɗar da ake ba masu tamowa a asibiti, da idona na gan ta a faifan 'yan talla. Ga gasar haihuwa tsakanin kishiyoyi, alhali aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku.

Ku kuma iyayenmu maza, a nan Ruwanda miji yakan raka matarsa awon ciki na farko, ya zauna ya ji bayani da kunnensa. A gida sai mace ta yi ta fargabar yadda za ta furta maganar tazara, wata ta ɓoye katin asibiti a gidan ƙawarta, shi kuwa yana teburin mai shayi ana soya masa ƙwai uku da Indomie, yaransa sun kwana da ɗumamen tuwo.